Boris ɗin tayar tsohuwar mota mai ɗaki: sabo, ɗan Beljiyam ko na Cana, wanne ya kamata ka ɗaura?

Duk wanda Allah ya ba irin tsofaffin motocin nan masu ɗaki a baya, waɗanda Turawa ke yawon hutu da su, da gado da ɗan kicin da tankin ruwa duk a ciki, ranar da taya ta fara kuka zai gane cewa kaf Katsina babu shagon da za a nuna masa a ce ga inda ake sayar da kayan motar nan. Ka shiga shago ka ce kana neman boris, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki da taya ke juyawa a kansa, na Hymer ko Dethleffs, yaron shago kallonka kawai zai yi ya ce babu Alhaji. Kuma gaskiyarsa, don sunan nan da ke rubuce a jikin motar na kamfanin da ya gina ɗakin ne, shi ƙarfen da ke ƙasa, injin da giya da ƙafafu, na wata mota ce daban wadda kila kullum kana ganinta a tasha.

Yawancin waɗanda suka shigo mana daga Turai ta Kwatano a kan ɗaya daga cikin biyu suke zaune, ko dangin J5 ko Marsandi. Peugeot J5 da Citroën C25 da Fiat Ducato na farko da Talbot Express duk mota ɗaya ce aka sa wa sunaye daban daban, a Italiya aka riƙa ƙera su daga 1981, kuma da tayoyin gaba suke ja. Wannan sa'a ce babba gare mu don J5 kam ba baƙuwa ba ce a arewa, ita ke ɗaukar tumatir da albasa da tattasai zuwa kudu shekara da shekaru, duk bakaniken da ya kwana biyu a sana'a ya taɓa kwance ƙafarta. Ita kuma Marsandin, irin su 207D da 307D da 308D da aka yi daga 1977 zuwa 1995, da baya take ja, ƙafarta ta gaba a kan sandar aksil take da kimfin, wato sandar da ƙafar ke karkata a kanta in an juya sitiyari, kamar ta babbar mota. Ka duba lambar shasi: in ta fara da VF3 Peugeot ce, VF7 Citroën, ZFA Fiat, WDB kuma Marsandi. Da wannan sunan za ka shiga kasuwa, ba da sunan ɗakin ba.

Amma fa kar ka ce tunda J5 ce shi ke nan a miƙo boris ɗin J5. Ita kanta kala kala ce, akwai mai ɗaukar tan ɗaya, akwai ta tsakiya, akwai babbar wadda a Fiat ake kira Maxi mai rim 16 maimakon 14, kuma ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. A 1990 ma an yi mata sauye sauye, za ka ga ta farko 280 a lambar shasi ta baya 290. Ƙari a kan haka wasu masu gina ɗakin sukan yanke bayan motar gaba ɗaya su ɗaura shasin AL-KO mai tsawo, to irin wannan ba a ɗauka cewa abin da ke ƙafar baya daidai yake da na J5 ɗin tasha, sai an buɗe an gani da ido.

Kafin in shiga kwatanta inda za a sayo, akwai abu ɗaya da in ba a fahimce shi ba duk sauran maganar ba za ta zauna ba, shi ne nauyi. J5 ɗin tumatir takan tafi da lodi ta dawo wayam ko da ɗan kaya kaɗan, ƙafarta na samun hutu. Mota mai ɗaki kuwa kamar jakin da ba a taɓa sauke masa mangala ba ce, katakon kabad da gado da firij da batura da tukunyar gas suna kanta dare da rana, ka zuba ruwa lita 100 a tanki ka ƙara kilo 100 ke nan, ga iyali ga buhun shinkafa ga janareta. Yawancinsu an ƙera su ne su tsaya a ƙasa da kilo 3,500 saboda lasisin ƙaramar mota na Turai, kuma tun babu kowa a ciki sun riga sun cinye mafi yawan abin da aka ba su. A lissafin da masu ƙera boris ke amfani da shi, in ka ninka nauyin da ke kan boris mai dogayen 'ya'ya sau biyu to rayuwarsa ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin goma take komawa. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari kawai ya isa ya raba kwanansa biyu. Shi ya sa boris ɗin da zai yi wa ɗan tasha shekara guda lafiya lau, kai zai iya ba ka kunya tsakanin Kankiya da Tsanyawa. Sannan ga zama, motar nan takan yi watanni a rumfa ba ta motsa ba, giris ya bushe ya ja gefe, danshin damina ya shiga, 'ya'yan su bar tabon tsatsa daidai inda suka kwanta.

Ka fara tabbatar da cewa boris ɗin ne ma. Kukansa wani gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da giyar da kake ciki ko ka taka totur ko ka ɗaga. A titi mai kyau inda ba motoci ka ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama a hankali, in ka karkata hagu nauyi ya koma dama kukan ya ƙaru to galibi na dama ne, haka ɗaya gefen. Ka ɗaga ƙafar da jak ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa sai wani ya taka birki ka sake girgizawa, in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan to ka nemi bol jon ko kimfin. Da yawa an canza musu boris alhali tsohuwar taya ce da ta ci ba daidai ba take kuka, kuma motocin nan da tsofaffin tayoyi suke zuwa masu zane kamar sabo. Lamba huɗu na ƙarshe a rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta, in kuwa uku ka gani to tun kafin 2000 aka yi tayar, a cire ta kawai.

To an tabbatar. Shawarata a nan ita ce a kwance tukuna kafin a sayi komai, a wanke tsohon da kananzir a karanta lambar da ke gefensa, don boris ba na Peugeot ba ne ba na Marsandi ba, su ma saye suke yi daga wurin masu ƙera shi, kuma yawancin lambobin na duniya ne. In ka ga 30206 to tefa ne, wato mai dogayen 'ya'ya a karkace da kofinsa daban, raminsa milimita 30 faɗinsa na waje 62. 30205 rami 25 waje 52, 30207 rami 35 waje 72. Daga 04 zuwa sama lamba biyun ƙarshe kake ninkawa sau biyar ka samu ramin. Irin dunƙulallen nan mai layi biyu da ake dannawa cikin ƙafa wasu kamfanonin ma girman suke rubutawa kai tsaye, DAC35650035 na nufin rami 35, waje 65, kauri 35. In kuwa motar 'yar Amurka ce, irin Winnebago a kan shasin Dodge ko Chevrolet, to da inci aka auna, za ka ga lamba biyu kamar LM67048 a jikin mai 'ya'yan da LM67010 a jikin kofin, kuma dukansu biyun kake buƙata. Wannan wurin ne ake cutuwa, don akwai na inci da na milimita da bambancinsu bai kai rabin milimita ba, a ido ɗaya ne, a jikin aksil kuwa ko ya ƙi shiga ko ya riƙa wasa. In tsatsa ta cinye lambar a auna da baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna milimita, rami da waje da kauri, a rubuta a takarda, haka ma oyil sil ɗin. Ka ɗauki hoton komai da waya kafin ya bar hannunka.

Yanzu zaɓi na farko, wanda kusan kowa zai fara tura ka gare shi, ɗan Beljiyam, wato na kwance da aka ciro daga tsohuwar mota. Za ka ji mai kaya na cewa "Alhaji wannan ƙarfen da ne fa, ba irin gwangwanin yanzu ba, daga jikin mota aka ciro shi." Kuma akwai gaskiya a maganarsa, in ka goge za ka ga SNR ko SKF ko FAG na ainihi, wanda kamfanin mota ya ɗaura da kansa. A kan abubuwa da yawa ni ma ɗan Beljiyam nake zaɓa, sitata, altaneta, akwatin giya, hannun ƙofa. Amma boris abu ne mai ƙidayar kwana, kowane juyi yana rage masa rai, kuma gajiyar ƙarfen daga ƙarƙashin fata take farawa inda ido ba ya gani, sai ta nuna sannan ka ga ƙarfe na ɓarewa. Motar da aka ciro shi ta haura shekara talatin, ba ka san kilomita nawa ya ci ba, ba ka san ko ta yi shekaru a filin gwangwan ruwan sama na dukanta ba. Abin da ya fi damuna ma yadda ake ciro shi ne. Dunƙulallen boris in za a fitar da hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, daga cikinsa kusan kullum rabewa yake yi, zoben ciki ɗaya ya biyo hob ɗin, to wanda ka gani an haɗa an shafe da sabon giris an sa a leda, ya riga ya sha guduma kuma kowane duka yana barin ɗan lotsawa a hanyar 'ya'yan. Ka juya shi a hannu ka ji sumul, ba nauyi a kansa ai, giris mai kauri kuma yana ɓoye komai. Ka ɗora masa tan uku ka hau titin Jibiya ka ji labari.

Inda ɗan Beljiyam ke da amfani na gaske shi ne ƙarfen da ke kewaye da boris ɗin. In tsohon ya ƙone har ya juya a mazauninsa ya cinye hob, ko aksil ta yi shuɗi ta zaizaye, to sabon boris komai tsadarsa ba zai zauna ba. Wasu za su ce a kai wa mai walda ya cike a feƙe, wasu su ɗauki fonc su tsattsaga mazaunin don ya kama, wasu har yankin gwangwanin madara suke cusawa. Kar ka yarda da ko ɗaya a motar da za ka kwana ciki da iyalinka. Nan ne za ka nemi cikakkiyar ƙafa ta kwance, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna in ba a samu a gida ba, ka tafi da tsohuwar a buhu a jera su a ƙasa a gwada ramukan noti da tsawo da haƙoran shaf, ka saya don ƙarfen, boris ɗin da ke cikinta kuma a fitar a zubar a sa sabo.

Na biyu shi ne mai araha, kuma a nan dole a raba abu biyu da mutane ke haɗawa su kira duka ɗan Cana. Akwai boris na kamfanonin Sin masu sunansu na kansu, irin su ZWZ da HRB da LYC da C&U, manyan masana'antu ne na gaske da ba su ɓoye ko su wane ne ba. Akwai kuma jabu, wanda aka yi a wani lungu da ƙarfen da ba a san asalinsa ba aka buga masa SKF ko Koyo ko NSK a jiki aka sa a kwali mai sheƙi. Na farkon zan iya ɗaurawa in tafiya ta kama ni a Daura ranar Juma'a da yamma ba wani a kusa, in lallaɓa in iso gida. Na biyun shi ne maƙiyinka, don kuɗin orijina ko kusa da shi za ka biya, hankalinka ya kwanta, ka daina saurarar ƙafar, alhali abin da ke ciki bai kai na farkon ba. Kuma wallahi jabun yanzu ya ƙware, kwali da rubutu da leda duk sai ka rantse. Rubutun ƙasar da aka yi shi ma ba hujja ba ne ta kowane ɓangare, don su kansu SKF da Timken suna da masana'antu a Sin da Indiya, ganin sunan Sin a kwalinsu bai sa ya zama jabu ba, ganin Japan a kwalin Koyo kuma bai sa ya zama na gaske ba.

Abin da za ka iya dubawa a bakin kanta: rubutun jikin ƙarfen ya zama siriri mai tsabta daidai da na kwalin, hanyar 'ya'yan ta zama sumul ba zanen injin a kai, ragar da ta riƙe 'ya'yan ba kaifi a bakinta, ba ɗigon tsatsa, ba yashi yashi in ka juya. Ƙarfen boris na gaske tauri ne da shi sosai, in ka goga fayil a gefensa zamewa zai yi ba zai ci ba, amma gefe fa, ba hanyar 'ya'yan ba, kuma wannan gwajin jabu mafi muni kawai yake kamawa. SKF na da manhajar waya mai suna SKF Authenticate da ake tura musu hoto su duba, ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya ma na da tata mai karanta lambar kwali. Amma babbar alama ita ce farashi da mai sayarwa. In mutum ya ciro maka kwali uku masu suna ɗaya ya ce wannan na ɗaya ne wannan na biyu wannan na uku, ka san kamfanin bai da wani na biyu da na uku.

Na uku, wanda shi nake goyon baya ƙarara, sabo na ainihi da aka saya da lamba. SKF na Suwidin, FAG na Jamus, SNR na Faransa, Timken na Amurka wanda Henry Timken da ya kafa shi ne ya yi wa tefa boris rajista tun 1898, sai na Japan NTN da NSK da Koyo, duk cikinsu ba wanda zan ce maka kar ka ɗaura, bambancin da ke tsakaninsu bai kai ko kusa da bambancin da ke tsakanin na gaske da jabu ba, don haka kar ka ɓata mako kana neman wani suna alhali ga ɗan'uwansa na gaske a gabanka. Dabarar ita ce in lambar irin ta gama gari ce kamar masu farawa da 302 ɗin nan ko 320, kar ka tsaya a shagon kayan mota kaɗai, ka nemi masu sayar da boris zalla, waɗanda ke kai wa masana'antu da injinan casar shinkafa da masu tirela kaya, a Kano suna nan da yawa wajen Sabon Gari. Irin waɗannan abokan cinikinsu masu dawowa ne da ƙorafi in abu ya mutu da wuri, don haka sun fi kiyaye sunansu. Ka ce masa "Maigida na gaske nake so, mota ce mai nauyi ta iyali, in babu ka ce min babu," ka karɓi rasit da lambar da sunan kamfanin a rubuce. Kuɗin zai ninka na mai araha, ba musu, amma ka haɗa da kuɗin aiki sau biyu da kuɗin janwe daga Kazaure zuwa Daura ka ga wanne ya fi tsada.

Odar waje kuma tana da wurinta. Wasu boris ɗin na mota ne zalla, girmansu ba ya cikin jerin gama gari, musamman ƙafar gaba ta masu ja da gaba, to in an zaga ba a samu ba sai a nemi kit, na SKF lambarsa da VKBA take farawa. Daɗinsa shi ne komai na ciki, boris da sil da sabon noti da fin, abubuwan da a nan sai ka bi shago shago. Wahalarsa canjin kuɗi da jiran makonni da kuɗin kawowa, kuma in aka yi kuskuren lamba ba mayarwa, shi ya sa ba a oda da shekarar mota kawai, sai an haɗa lambar shasi da awon da ka yi da baniya sun yi daidai da abin da aka rubuta. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Turai abu ne da ke shiga jaka, ka sa ya taho da na gefe biyu.

Sai ɗaurawa, wanda ni a wurina rabin maganar ne cur, don na gaske da aka sa da guduma bai fi jabu daɗewa ba. In tefa ne mai noti, kamar gaban Marsandi, mai mota da ke da haƙuri da kayan aiki zai iya yi a gida. A kafa motar a kan sitan ko kututture mai ƙarfi a ƙasa mai tauri, ba jak kaɗai ba, motar nan ta fi ƙarfin wasa. A fitar da tsofaffin kofunan daga cikin hob, kuma a nan ne ake ha'inci, wasu sukan bar tsohon kofi su sa sabbin 'ya'ya don fitar da shi wahala, kai kuma ka tsaya ka ga an ciro shi an miƙo maka a hannu. Sabon kofin in ya kwana a firiza yana ɗan tsukewa ya shiga da sauƙi, a danna shi a miƙe da abin da ya hau bakinsa daidai har ya zauna ƙasa, za ka ji ƙarar dukan ta canza. Giris kuma ba shafawa ake yi a waje ba, a tafin hannu ake zuba shi a riƙa danna bakin boris ɗin a kai har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin kowane ɗa. A nemi na ƙafa mai jure zafi, litiyam mai lamba 2, na gwangwani a rufe, ba wanda ake ɗiba a buɗaɗɗen bokiti da ƙurar hunturu ta sauka a kai ba, ba kuma baƙin nan na kan shaf ba, kuma kar a haɗa shi da ragowar tsohon. Kar a cika hob ɗin taf, zafi yake jawowa. Sil sabo dole.

Ɗaure notin shi ne inda ko tsofaffin hannu ke saɓawa. Yaro zai kawo dogon bututu ya sa a sifana ya hau kai wai don kar taya ta fita, to wannan ya kashe boris ɗin tun kafin motar ta bar gareji. Yadda ake yi, ana juya tayar ana ɗaurewa har komai ya zauna, sai a sassauta, sannan a dawo da shi a hankali zuwa inda wasan ya kusa ɓacewa, a kulle da sabon fin ko da ɗan kusar gefe irin na Marsandi. Wasan da ake bari ɗan mitsitsi ne, a manyan motoci tsakanin milimita 0.025 da 0.127 ake nema, abin da hannu da ƙyar yake ji, kuma in littafin motarka ya ba da nasa adadin shi za a bi.

Dunƙulallen kuma, ko wanda aka danna a jikin shaf ɗin baya da zoben riƙo kamar na Hiace, wannan ba aikin gida ba ne kuma ba aikin gindin bishiya ba ne. Firès ake buƙata, wato injin dannawa. Ka cire ƙafar ka sa a Keke Napep ka kai inda ake da injin, ka tsaya a kai ka ga cewa lokacin shigar da shi cikin ƙafa zoben waje ake dannawa, lokacin shigar da hob kuma an tokare zoben ciki, don ƙarfin kar ya bi ta cikin 'ya'yan. In oga ya ce "bari kawai Alhaji, mun saba da guduma," ka ba shi haƙuri cikin mutunci ka biya shi kuɗin kwancewa da ɗaurawa, dannawar dai a yi ta a firès. Kar a gasa boris da wutar walda, sama da digiri 120 taurinsa ke fara lalacewa. Shi kuma babban notin shaf akasin na tefa ne, ɗauri mai ƙarfi yake so, sama da Nm 200 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, da sifana mai awo, sabo ake sawa a lotsa bakinsa, kuma ba a sauke motar a tura ta ko taku biyu in ba a ɗaure shi ba.

Ko a canza gefe biyu? A ƙaramar mota zan ce a bar mai lafiya. A wannan kuwa shekarunsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, ramukan da suka faɗa ɗaya, kuma wahalar neman lambar ka riga ka sha, don haka a yi duka biyun in aljihu ya yarda, in bai yarda ba aƙalla a buɗe ɗayan a wanke a duba a sake masa giris in tefa ne.

Bayan an gama kar ka ɗebi iyali ka nufi Maraɗi washegari. Ka fita hanyar Mashi kamar kilomita ashirin ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowane rim, ɗumi ba komai, amma in ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai ko kana jin ƙaurin giris to a koma a duba, in tefa ne a sassauta. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a sake ɗagawa a girgiza, don sabon kofi yakan ƙara zama. Sannan ka sayi ƙarin saiti ɗaya na tefa da sil ɗinsa da fin, ka bar shi a ledarsa a cikin kabad ɗin motar tare da ƙaramin gwangwanin giris, lambobin kuma ka rubuta su da alƙalamin maka a cikin murfin kabad ɗin, na gaba daban na baya daban.